Ajin Kwantirol

Sau biyu aka sauya mini batun bincike, kuma ko sau ɗaya ba don na yi kuskure ba. Kullum maganar ɗaya ce, wai yayinsa ya wuce. Ni da na ɗauka atamfa da ɗinkin hula kaɗai ke da yayi, sai na tarar har binciken yadda ake koyar da kimiyya yana da nasa, kuma nasa ya fi na atamfa saurin wucewa.

A lokacin ina koyar da kyamistiri a wata sakandaren 'yan mata a Tudun Wada, ina kuma haɗawa da digiri na biyu. Digirin da aka ce mana shekara biyu ne, ni na shiga ta biyar ban hango ƙarshensa ba. Yajin aiki ya ci nasa kason, lalacina ya ci nasa, sauran kuma yayi ya lashe. Da farko takardar tambayoyi na tsara, irin wadda ake raba wa ɗalibai su zaɓi sun yarda ko ba su yarda ba. Na gama babi uku cif, na kai wa mai duba aikina, wata Dakta siririya mai tabarau, wadda ba ta ɗaga murya amma jan bironta ya fi bulala zafi. Ta juya shafi biyu ta turo mini kayana.

"Malam, wannan ai kowa ya yi shi. Yanzu ba a tambayar yara abin da suke ji. Gwadawa ake yi a gani."

Na koma na ɗauko koyarwa da kwamfuta, don a shekarar duk inda ka juya zancenta ake yi. Wata takwas ina rubutu ba ji ba gani kafin na zauna na yi wa kaina tambayar da ya kamata in fara da ita: da wace wutar? Makarantarmu sai a yi sati ba a ga ƙyallinta ba. Da na koma da wannan kuka, Dakta ta ce ai dama an wuce wurin. Yanzu masana sun karkata ga abin da yaro ya sani daga gidansu, da kayan da hannunsa ya saba taɓawa, da harshen da yake mafarki da shi. Ta ce in je in nemo abin da ke cikin madafin kowane gida in koyar da kimiyya da shi.

Ina tsakiyar neman ne takarda ta fito daga sashenmu. Duk wanda ya wuce wa'adi, wannan ce shekararsa ta ƙarshe: ko ya miƙa kundi, ko a cire sunansa. Sunana ne na biyu a jerin, an manna a allon sanarwa inda kowa zai karanta.

Tun daga ranar zama ya daina ganina. Ina cin abinci ina kaɗa ƙafa. In na zauna a ɗakin malamai, minti biyar ya yi yawa na miƙe na leƙa taga, ba tare da na san abin da nake nema ba. Daga makaranta in hau acaɓa zuwa unguwar Kongo wurin mai buga mini aiki, daga can in wuce Gyallesu in tsaya a ƙofar gidan Dakta kamar mai jiran tsammani, in dawo Tudun Wada in tarar na manta takardar da ta kai ni. Matata ta ce ko tabarma ba na bari ta ɗau ɗumina. Na yi mata tsawa, daga baya na ba ta haƙuri, washegari na sake.

Tsarin binciken ba shi da wuyar fahimta. Ka sami aji biyu masu kama da juna. Ka yi musu jarrabawa iri ɗaya tun kafin ka fara. Sai ka yi sati shida kana koya wa ɗaya da sabuwar hanya, ɗayan kuma da tsohuwa, wato allo da alli da "ku kwafa". A ƙarshe ka sake yi musu jarrabawa ka ga wa ya fi. Ajin sabuwar hanya shi ne ajin gwaji. Ajin tsohuwar hanya kuwa, littattafan bincike suna kiransa kwantirol. Ba wata mummunar ma'ana gare shi ba. Ma'auni ne kawai, da shi ake gane ko sabuwar hanyar ta yi wani abu ko ba ta yi ba.

Ranar da Dakta ta sa hannu a babi na uku, ta cire tabarau ta dube ni.

"Abu ɗaya zai kashe maka aikin nan, Malam. In abin da ka koya wa wannan aji ya tsallaka wancan, shi ke nan, ba ka da ma'auni. Ka toshe duk wata kafa."

Na ce in sha Allahu ko iska ba za ta wuce ba.

Aji biyar na 'yan kimiyya kashi biyu ne a makarantarmu, A da B, bango ɗaya ya raba su. Ƙa'ida ta ce ba ni zan zaɓa ba, ƙuri'a ce za ta zaɓa. Na yagi takarda biyu na rubuta, na nannaɗe, na jefa cikin hulata, na miƙa wa malamin lissafi, abokina mai tsokanar tsiya, ya zaro ɗaya yana dariya. A ta fito. Gaskiya raina bai so ba, don B na fi jin daɗin koyarwa. Akwai wata yarinya a cikinsu, gajeriya, mai zama a layin gaba, wadda ba ta bari ka gama jimla sai ta ɗaga hannu. Ita ce ta taɓa tambayata me ya sa gishiri ke narkewa a ruwa amma ba ya narkewa a man gyaɗa, na ce mata sai gobe, na je gida na buɗe littafi. Duk malamin da ya san aikinsa yana son irin wannan yarinya, ko da tana sa shi gumi. Amma ƙuri'a ta riga ta faɗi, kuma ni ina sauri.

Darasin shi ne asid da alkali. A ƙa'ida da wata 'yar takarda ake gane su, litimos, wadda ke sauya launi in an tsoma ta. Tamu ta ƙare tun ban zo makarantar ba. Abin da na gano, kuma har yau ina alfahari da shi, shi ne ruwan zoɓo yana wannan aikin sarai. Ka ɗiga masa lemun tsami ko ruwan tsamiya, ya ƙara ja jawur. Ka ɗiga masa ruwan kanwa ko na toka, ya juye ya koma kore mai duhu.

Ranar farko na shiga ajin A da jarkar zoɓo marar sukari da ƙananan kofunan roba. Na raba su shida-shida, na ce yau ba Turanci dole, kowa ta faɗi abin da ta gani da bakin gidansu. Ban gaya musu abin da zai faru ba. Da kofin farko ya juye kore, wata ta saki salati, wata ta ja da baya har ta ture benci. Kafin a tashi sun gwada ruwan sabulu, sun gwada nono, wata ta roƙi in bar ta ta gwada yawunta. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da darasin nan, ban taɓa ganin an yi rigima a kan wa za ta fara ba sai ranar.

Da aka kaɗa ƙararrawa na tsaya a bakin ƙofa na tare hanya. Na ce abin da muke yi a ajin nan sirri ne na sati shida. Kada wadda ta faɗa wa 'yan B. Ko ƙawarki ce, ko maƙwabciyarki, ko 'yar uwarki ta ciki ɗaya. Na sa kowa ta ɗaga hannu ta ce ta yi alƙawari. Suka ɗaga suna ƙyalƙyala dariya, su a ganinsu wasa ne mai daɗi. Ni ma a lokacin ban ga komai a ciki ba sai dabara.

Daga nan na wanke hannu, na zagaya ƙofa ta gaba, na shiga ajin B na ɗauki alli. Na rubuta ma'anar asid, na rubuta ma'anar alkali, na ce su kwafa.

Bango ba ya hana dariya wucewa. 'Yan B suna jin shewa daga maƙwabta, suna ganin 'yan A na fitowa da jan yatsu suna ƙus-ƙus, in an tambaye su sai su rufe baki su gudu. A satin farko sun ɗauka nasu na tafe. A na biyu suka fara kallon hannuna in na shigo, su ga alli ne kawai, su sunkuyar da kai.

Sai kuma malamin lissafi ya ƙarasa ɓarnar ba da niyya ba. Ina tafiya a baranda ya ɗaga murya daga nesa.

"Farfesan gobe! An gama da 'yan gata, za a shiga wurin 'yan kwantirol?"

Tagogin B a buɗe suke. Kalmar kuwa ba baƙuwarsu ba ce, sai dai ba a littafin bincike suka san ta ba. A bakin malamar horo suka san ta, wadda kowace safiya take cewa wasu yaran sun fi ƙarfin kwantirol, iyayensu ma sun kasa. A kunnen 'yan B, ajin kwantirol na nufin ajin marasa ji, waɗanda sai an danne. Kafin a tashi makaranta duk ɗalibai sun ɗauka. 'Yan aji ɗaya ma, da ba su san hagu da dama ba, sai su bi su a hanyar famfo suna "kwantirol, kwantirol".

Washegari ina juya baya zan fara rubutu, gajeriyar nan ta layin gaba ta miƙe ba tare da ta ɗaga hannu ba.

"Malam, don Allah laifin me muka yi maka?"

Amsar tana bakina, kuma ba ta da tsawo. In ce ba ku yi komai ba, ƙuri'a ce, takarda ce a cikin hula. Amma na karanta a littafi cewa in ajin ma'auni ya gane ana auna shi da wani, yakan zage damtse don kada a wuce shi, sakamako ya rikice. Na tuna sunana a allon sanarwa. Na ce, "Ba wanda ya ce kun yi laifi. Zauna. Ku buɗe littafi." Na faɗe shi da zafi, irin zafin wanda ya san ba shi da gaskiya. Ta zauna a hankali. Na rubuta rabin allo kafin na lura na karya alli sau uku.

A tsakiyar sati na uku aka aiko cewa wata mata na nemana. Na same ta a kan benci a ƙofar ɗakin malamai, da hijabi ruwan toka, ta ɗora hannuwa a cinya. Ba za ta girme ni da yawa ba. Muka gaisa har da tambayar iyali da gajiya. Ta ce 'ya'yanta biyu nake koyarwa, ta faɗi sunayensu. Ɗaya ita ce gajeriyar B. Ɗayar wata doguwa ce shiru-shiru a ajin A. Sunan uba ɗaya suke amfani da shi a rajista, ni kuma tun can na ɗauka tagwaye ne da ba su yi kama ba.

"Malam, an ce kai ka hana yarinya ta gaya wa 'yar uwarta karatu."

"Hajiya, ba hanawa ba ce irin wadda kike tsammani. Wani bincike ne nake..."

"Ni dai tun ina ƙarama abin da na ji shi ne ba a ɓoye ilimi. Ban san na boko daban ba ne." Ba da faɗa ta faɗa ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. "Shekaranjiya na ga doguwar ta jiƙa zoɓo ta shige bayan ɗaki da shi ita kaɗai. Gajeriyar ta bi ta, sai doguwar ta ce mata ta koma, wai ta yi wa Malam alƙawari. Yaran da ko ƙosai ɗaya aka ba su sai sun raba. Yanzu kwana nawa ke nan, kowa ta juya wa kowa baya a katifa ɗaya."

Na shiga yi mata bayani. Na faɗi ajin gwaji, na faɗi ma'auni, na rantse kalmar nan ba zagi ba ce. Ina magana ina jin kaina kamar mai tallar magani a tasha. Ta bar ni na gama tas.

"Na ji. To bari in gaya maka abin da ba ka sani ba, tunda kai ma ka gaya mini naka. Doguwar ni na haife ta. Gajeriyar 'yar ƙanwata ce, uwarta ta rasu ta bar ta tana rarrafe. Tun daga ranar nake ƙoƙarin kada wani ya shigo gidana ya gane wadda na haifa. Ɗinki iri ɗaya, takalmi iri ɗaya, in duka ne ma tare. Maigidana ya ba ta sunansa. Ita ta sani, ba a ɓoye mata ba, amma ba ta taɓa ganin an ware ta ba. Sai yanzu. Ta zo ta same ni a madafi ta ce, Inna, ko Malam ya san ni ba 'yar gidan nan ba ce?"

Na ce wallahi ban sani ba, wallahi ƙuri'a ce.

"Na yarda ba ka sani ba. Yanzu ai ka sani. Abu ɗaya nake roƙo. Ko ka mayar da ita ajin 'yar uwarta, ko ka sake wa waccan baki ta koya mata."

Ina so in ce na yi dogon tunani, ko na je na nemi shawarar Dakta ta hana ni. Ban je ba, ba wanda ya hana ni. A tsaye a wurin na yi lissafina. Gajeriyar ita ce ta fi kowa a B. In na ɗauke ta, masu jarraba ni za su ce na taɓa ma'auni da hannuna. In na sake wa doguwar baki, kafin sati duk B sun ji, don gajeriyar ba mai riƙe abin da ta sani ba ce. In aikin ya lalace, ba wani zangon da ya rage mini in sake. Shekara biyar ke nan, da hawan acaɓa, da tsayuwa a ƙofar gidan mutane.

Na ce, "Hajiya, ki yi mini haƙuri. Sati uku ne kacal ya rage. Ina gamawa zan kai musu komai, har da ƙari."



"Sati uku," ta ce. Ta miƙe ta gyara hijabi. "To, Malam. Ka yi aikinka, ni ma zan yi nawa. Allah ya ba da sa'a."

Na raka ta har bakin get ina ta surutu. Na dawo ina gaya wa kaina na tsallake.

Ranar Litinin na shiga A na ga wurin doguwar babu kowa. Na ɗauka ba ta da lafiya. Da na zagaya B sai ga ta a layin gaba, ta matse a benci ɗaya da gajeriyar, littafinta a buɗe.

"Ke, me kike yi a nan?"

Ta miƙe, idonta a ƙasa. "Inna ce ta je wurin firinsifal. Ta ce tunda ba za a hau da 'yar uwata ba, ni in sauko."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiya ba, amma ko a cikin kunyar abin da ya fara zuwa kaina shi ne aikina. Ga wadda ta ga komai, sati uku cur, ta shigo tsakiyar ma'aunina ta zauna. Da aka fita tara na kira ta gefe.

"Kin gaya mata abin da muke yi a can?"

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun da na san ta.

"Ai na yi maka alƙawari, Malam."

Na ce yawwa, na gode. Har da "na gode" na ce.

Sati ukun nan su ne mafiya tsawo a aikina na koyarwa. Kullum in shiga B in tarar da su biyun a gabana, kafaɗa da kafaɗa, suna kwafar abin da na rubuta. Ɗaya ta san akwai abin da ya fi wannan a bayan bango, ta yi shiru. Ɗayar ta san 'yar uwarta ta sani, ita ma ta yi shiru, ba ta ƙara ɗaga hannu ba. Na riƙa yin tambaya ina kallon wajenta, sai ta duƙufa kan littafi. Na daina iya tsayawa wuri ɗaya a ajin, in je taga, in dawo allo, in goge abin da ba su gama kwafa ba. Akwai ranar da na fito daga A da sauran zoɓo a jarka, na taka har bakin ƙofar B na tsaya. Taku ɗaya ya rage. Na tsaya har wata ta leƙo ta ce, "Malam, za ka shigo ne?" Na ce ina zuwa. Na kai jarkar ɗakin malamai na tura ƙarƙashin tebur, na dawo da alli.

Sati shida ya cika, na yi musu jarrabawar ƙarshe. Takardar doguwar na ware ta gefe, don ba ta cikin wannan ba ta cikin wancan. Sauran na kwasa na kai Kongo wurin wani mai shagon kwamfuta da ya iya lissafin masu bincike. Ya shigar da makin, ya danna, ya juyo da kujera.

"Malam, ka yi sa'a. Akwai bambanci, kuma babba. Ajin gwajinka ya wuce su nesa."

Na yi murna. Ba zan ɓoye ba, na yi murna har na kasa jiran acaɓa, na taka da ƙafa ina murmushi ni kaɗai a titi.

Na cika alƙawarin da na yi wa uwarsu. Satin da ya biyo baya na shiga B da jarka biyu, da kanwa da tsamiya da toka da lemun tsami. Na gaya musu komai, ƙuri'ar, da hular, da ma'anar kalmar da aka riƙa tsokanar su da ita. Na ba su haƙuri. Yara ne, kafin kofi na uku sun manta, aji ya kaure da shewa kamar yadda na A ya yi. Ni kuwa layin gaba nake kallo. Doguwar ta tura wa gajeriyar kofi da ruwan kanwa. Gajeriyar ta ɗiga. Ja ya juye kore. Na ga kafaɗarta ta ɗan zabura, bakinta ya buɗe, kuma na san wannan buɗewar, tambaya ce ke tahowa. Na matsa kusa ina jira. Sai ta rufe bakin, ta juya ta dubi 'yar uwarta, ta daɗe tana kallonta. Daga nan ta ɗauki biro ta rubuta launin da ta gani a gurbin da na tanada. A nan na tabbatar ranar ce ta fara ganinsa. Har ta gama makarantar ba ta sake tambayata komai ba, sai gaisuwa, ita kuwa ba ta taɓa fasawa ba.

Na miƙa kundi saura 'yan kwanaki wa'adi ya cika. Ranar kare shi na sa babbar riga, na zauna gaban mutum biyar. Dakta na gefe tana juya biro. Babban mai jarrabawa wani dattijo ne da aka gayyato daga wata jami'a, mai karanta lambobi da yatsa. Ya bi jadawalina layi-layi, sai yatsan ya tsaya.

"Ajin gwajinka ya ragu da mutum ɗaya tsakanin jarrabawar farko da ta ƙarshe. Ina ta shiga?"

"Ta sauya aji, ranka ya daɗe."

"Zuwa ina?"

"Zuwa ɗaya ajin."

Ya ɗago kai. "Wato ta yi sati uku tana ganin sabuwar hanya, sannan ta koma cikin kwantirol ta zauna? Ai ta ɓata maka aiki, Malam. Ta kwashe komai ta kai musu."

Biron Dakta ya daina juyawa. Na ji shekara biyar suna zamewa daga hannuna, sai bakina ya buɗe da kansa.

"Ba ta faɗa wa kowa ba, ranka ya daɗe. Tun ranar farko na sa su suka yi mini alƙawari. Wannan yarinyar ma da 'yar uwarta a wancan ajin, benci ɗaya suke zama, katifa ɗaya suke kwana, kuma har aka gama ba ta gaya mata ba."

Dattijon ya jingina da kujera yana gyaɗa kai. Ya juya ga sauran.

"Kun ji ko? Wannan shi ne kula da aiki. Yawancin ɗalibanmu a nan suke faɗuwa." Ya dawo kaina. "Amma ban ga ka rubuta wannan dabarar a babi na uku ba. Ka ƙara ta, don na baya su amfana."

Sharaɗin da aka gindaya mini ke nan kafin a sa hannu, kuma na cika shi. Layi uku ne cikin Turanci mai tsabta, suna bayanin yadda mai bincike ya ɗauki alƙawari daga ɗalibai don hana bayani tsallakawa. Babu uwa a ciki, babu katifa. Kundin yana nan a ɗakin karatu na sashen, inda ɗalibai ke zuwa su ɗauki tsarin babi na uku daga na waɗanda suka gabace su. Bara wani matashin malami ya tare ni a bakin masallaci, ya ce nawa yake bi, kuma Litinin mai zuwa zai sa yaransa su ɗaga hannu.